Jirgin Peraliya da Yarjejeniyar da Ta Mutu a Kotu

A ranar 26 ga Disamban 2024 aka cika shekara 20 da ambaliyar Sunami. Kamar yadda aka saba duk shekara a Siri Lanka, jirgin ƙasa ya taso daga Kolombo ya tsaya a ƙauyen Peraliya da ke gaɓar kudu maso yamma, dangin mamata suka sauko da furanni, ƙasar kuma ta yi tsit na minti biyu. Jaridu sun cika da hotunan wannan juyayi. Kaɗan ne suka waiwayi rigimar da ta biyo bayan ruwan, alhali ita ce ta fi shafar makomar ƙasar.

Ranar ambaliyar ta kama Lahadi, kuma ranar Poya, wato cikar wata, wadda mabiya addinin Buddha ke hutu su tafi wurin ibada da fararen kaya. Ga hutun Kirsimeti ya haɗu da ita. Saboda haka jirgin da ya bar Kolombo da sassafe zuwa Matara ya cika maƙil. Girgizar ƙasa ta riga ta auku a kusa da Sumatra kimanin awa biyu kafin ruwan ya iso, amma babu wanda ya sanar da mutanen bakin teku. Wajen ƙarfe tara da rabi igiyar farko ta iske jirgin a Peraliya. Ba ta kayar da shi ba, kuma wannan ne ya yaudari jama'a: mutanen ƙauye suka ruga suna hawa rufinsa, wasu suna miƙa 'ya'yansu ciki, wasu suka fake a bayansa. Igiya ta biyu ta ɗaga taragun takwas ta yi wurgi da su cikin gidaje da itatuwan kwakwa. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 1,700, wanda ya sa ake lissafa shi a matsayin haɗarin jirgin ƙasa mafi muni a tarihi. A faɗin ƙasar mutum fiye da 30,000 suka mutu, kimanin rabin miliyan suka rasa matsuguni.

Kafin agajin ƙasashen waje ya iso, wuraren ibada ne suka ɗauki nauyin jama'a. Haikalin Buddha na ƙauye, wanda 'yan ƙabilar Sinhala (Sinhalawa) ke kira pansala, yakan kasance a kan tudu, don haka can aka gudu. Masallatai da coci-coci da makarantu ma suka buɗe ƙofofinsu, ba a tambayar addinin mai shigowa. Daga garuruwan cikin ƙasa mata suka riƙa dafa shinkafa da miya suna ƙunshewa, motoci na kwasa zuwa gaɓa. Ba sabon abu ba ne a wurinsu: a bikin Wesak na kowace shekara Sinhalawa kan kafa rumfuna a bakin hanya, dansala, su ciyar da duk wanda ya wuce kyauta. A wasu wurare na gabas har an ga sojojin gwamnati da 'yan tawayen Tamil Tigers suna aikin ceto kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ya fi ci wa iyalai rai shi ne rashin jana'iza. A al'adar Sinhalawa ana gayyato malaman Buddha, a miƙa musu farin ƙyalle da sunan mamaci, dangi su tsiyaya ruwa a ƙoƙo har ya tumbatsa, alamar aika masa lada. Sannan a ciyar da malamai a kwana na bakwai, da wata na uku, da cikar shekara, kusan kamar yadda gidajen Hausawa da dama suka san sadakar uku da bakwai da arba'in. Amma dubban gawawwaki a manyan ramuka aka binne su, wasu ba a taɓa ganinsu ba. Sai ƙauyuka suka riƙa haɗa sadakar wuri guda, wanda ya samu gawar ɗansa da wanda bai samu ba.

A waɗannan makonni wani tsohon labari ya dawo bakin mutane. Littafin tarihin Mahawamsa, wanda wani malamin Buddha ya rubuta wajen ƙarni na 5, ya kawo cewa Sarkin Kelaniya ya kashe wani malami bisa zargi, teku ta fusata ta malalo cikin ƙasa. Don ta lafa, sarki ya sa 'yarsa a kwalekwale ya tura ta cikin ruwa. Ruwa ya kai ta gaɓar kudu, ta auri sarkin Ruhuna, ta zama Wiharamahadewi, uwar Dutugemunu. Shi kuwa Dutugemunu shi ne gwarzon da ya yaƙi Elara, sarkin Tamil na Anuradhapura, a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya haɗe tsibirin. Duk yaron Sinhala ya san wannan daga makaranta. Labarin ya ba mutane hanyar fahimtar bala'in, amma yana ɗauke da wani saƙo da 'yan siyasa ba su bari ya wuce su ba: teku kan tashi idan masu mulki sun taɓa addini, kuma bayan ambaliya gwarzo ke zuwa.

A lokacin ambaliyar akwai tsagaita wuta tsakanin gwamnati da 'yan tawaye da Norwe ta shiga tsakani aka ƙulla a Fabrairun 2002. Ruwan kuma ya fi yin ɓarna a gabas da arewa, inda Tamil da Musulmi suka fi yawa. Gundumar Ampara kaɗai ta rasa mutum kusan 10,000, da yawansu Musulmi. Wani ɓangare na wannan gaɓa yana hannun 'yan tawaye. Masu ba da agaji sun yi alƙawarin kimanin dala biliyan 3, suna son tsarin da zai kai kuɗin ko'ina. Shugaba Chandrika Kumaratunga ta amince da wani kwamitin haɗin gwiwa da aka fi sani da P-TOMS. Wa'adinsa shekara ɗaya, ikonsa bai wuce kilomita biyu daga bakin teku ba, Bankin Duniya ne zai riƙe asusun. A babban kwamitin, gwamnati da 'yan tawaye da Musulmi kowa na da kujera ɗaya. A kwamitin yanki mai mutum goma, 'yan tawaye biyar, Musulmi uku, gwamnati biyu.

Nan aka yi ta ta ƙare. Jam'iyyar JHU, wadda ta shiga majalisa a 2004 da malaman Buddha tara, ta ce an miƙa wa 'yan ta'adda rabin ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, Omalpe Sobitha, ya zauna kusa da Haikalin Haƙori a Kandy, wuri mafi tsarki a wajen Sinhalawa, ya shiga yajin cin abinci. A Kolombo 'yan sanda suka tarwatsa malamai masu jajayen mayafai da barkonon tsohuwa da ruwa. Jam'iyyar JVP ta fice daga gwamnati da kujerunta 39. Duk da haka aka sa hannu ranar 24 ga Yunin 2005. Bayan mako uku, a 15 ga Yuli, Kotun Ƙoli ta dakatar da muhimman sassanta, ciki har da batun asusun da kuma ajiye ofishin yanki a Kilinochchi, hedikwatar 'yan tawaye. Ko kwabo bai bi ta wannan hanya ba.

Har yau ana jayayya a kai. Masu kishin Sinhala na cewa kotu ta ceci ƙasar daga rabuwa, kuma ba a rasa hujja a bakinsu ba. 'Yan tawayen sun ci gaba da ɗaukar yara aikin soja, a Agustan shekarar kuma aka harbe ministan harkokin waje Lakshman Kadirgamar, shi kansa Batamile, kisan da aka ɗora musu. Musulmi ma suna da nasu ƙorafin, domin ba a sa su cikin masu sa hannu ba duk da yawan mamatansu. Sai dai idan aka duba takardar, ba ta ba kowa ƙasa ba. Rabon kwalekwale da kwanon rufi ne na shekara guda. A Aceh ta Indunusiya, inda ruwan ya fi kisa, gwamnati da 'yan tawaye sun sa hannu a kan sulhu a Helsinki a 15 ga Agustan 2005, kuma sulhun ya ɗore. Mai wannan rubutu ya fi karkata ga masu cewa an yi asarar dama, kuma waɗanda suka yi zanga-zanga da sunan addini sun kauce wa abin da mabiyansu suka aikata a makon farko.

Talakan Sinhala ma bai tsira ba. Gwamnati ta hana sake gini a cikin mita 100 daga teku a kudu, mita 200 a arewa da gabas. Aka kwashe masunta zuwa sababbin unguwanni nesa da jiragensu, yayin da otal-otal suka samu sassauci, kafin daga baya a rage dokar. A Norochcholai kuwa, gidaje 500 da Saudiyya ta gina wa waɗanda ruwa ya ci suka yi shekaru a kulle bayan hukuncin kotu na 2009 kan yadda za a raba su tsakanin ƙabilu.

Sauran labarin sananne ne. Mahinda Rajapaksa ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Nuwamban 2005 bisa alƙawarin soke yarjejeniyar, 'yan tawaye kuma suka taimaka masa da hana Tamil zuwa rumfar zaɓe. Yaƙi ya dawo a 2006, ya ƙare a Mayun 2009 da mutuwar dubban fararen hula. Aka yi harin Ista na 2019, tattalin arziƙi ya durƙushe a 2022, masu zanga-zanga suka kori Shugaba Gotabaya Rajapaksa. A Satumban 2024 Anura Kumara Dissanayake, shugaban JVP ɗin nan da ta bar gwamnati don kada a raba agaji da 'yan tawaye, ya zama shugaban ƙasa. A zaɓen majalisa na Nuwamba ƙawancensa ya samu kujeru 159 cikin 225, kuma shi ya zo na ɗaya a gundumar Jaffna, cibiyar Tamil.