IN AN RUFE BODA, WA KE JI A JIKINSA?

'Yar'uwa, duk ranar da kika ji rediyo ya ce gwamnati ta rufe boda, kada ki ce wannan zancen maza ne ko na 'yan siyasa. Kafin wata ya zagayo sai kin gan shi a cikin kwanon awonki. Mutanen Sabon Birni da Isa sun fi kowa sanin haka, domin kuwa a bakin iyakar suke kwana suke tashi, shi ya sa na ga gara in ɗauko tarihin abin daga wajensu.

Ita dai Gobir asalinta ƙasa ɗaya ce. Bayan Alkalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa suka watsu, wasu suka yi arewa har aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wasu daga cikinsu suka dawo suka kafa Sabon Birni. Zanen fuska ɗaya, harshe ɗaya, ana auren juna. Hatta gulbin da ya ratsa Maraɗi, gangarowa yake yi ya zuba a Rima.

Sai ga Turawa. A 1890 Ingila da Faransa suka zauna can Turai suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a Tafkin Chadi. A 1898 suka sake shawara, aka auna mil 100 kewaye da Sakkwato aka ce na Ingila ne. Faransa ta yi ƙorafi wai hanyar da aka bar mata zuwa Damagaram ba rijiyoyi, aka sake gyara a 1904 da 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamomi har 1908. Kin ji yadda Tsibiri da Maraɗi da Ƙonni suka tafi hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna hannun Ingila. Saboda ruwan shan sojan wani aka raba wa da ƙane!

Ba wai kafin nan fatake ba sa biyan komai ba ne, sarakuna ma suna karɓar kuɗin fito. Amma yanzu abin ya zama kuɗi iri biyu, doka iri biyu, kwastan nan duwan can. Alhali kuwa ɓangarorin biyu ba wanda zai iya zama ba ɗaya. Daga arewa dabbobi ke zuwa, da wake, da aya, da kanwa, da dabino, da albasar Galmi. Daga nan kuma masara da dawa ke hawa, da taki, da sabulu, da robobi, da fetur.

To duk inda abu ke da araha nan, yana da tsada can, sai fasa-ƙwauri ya samu gindin zama. Najeriya ta hana shigo da shinkafa a 1985, ta hana alkama a 1987, amma kasuwanni ba su rabu da kayan waje ba. Jirgi ya sauke a Kwatano, mota ta kai Maraɗi, dare ya yi a tsallako da su. Manyan alhazai da yawa ta nan suka yi kuɗi.

Rufewar da tsofaffi ba sa mantawa ita ce ta 1984. A watan Afirilu gwamnatin Janar Buhari ta canja takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a kai tsofaffin banki, ta kuma rufe iyakoki don kada nairar da ke waje ta dawo. Duk Banijaren da ya sayar da sa ko buhun wake aka biya shi da naira ya ɓoye, sai ya wayi gari da takarda a hannu. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, shekarar ta zo da fari, gero bai yi ba, ga shi ƙofar da aka saba samun hatsi ta cikinta an garƙame. Allah Sarki! Har yau a ƙasar Maraɗi wannan yunwa El-Buhari suke ce mata. Ki duba fa, ba su sa mata sunan fari ba, sunan wanda ya rufe hanya suka sa mata. Na nan ɓangaren ma ba su tsira ba, don mai sayen kayansu da mai kawo musu dabba duk suna bayan shinge. Ba a buɗe ba sai a Maris na 1986, zamanin Babangida.

Shekara 35 bayan ta 1984 aka maimaita. A Agustan 2019 aka rufe, wai don a kare manoman shinkafa na gida. Gaskiya ɗaya ce, masu fadama sun ga ciniki, an kuma kakkafa injinan casa a Kano da Kabi. Amma ke uwargida me kika gani? Lissafin gwamnati da kanta ya nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga wajen kashi 13 cikin ɗari lokacin rufewar zuwa sama da kashi 19 a Disambar 2020, lokacin da aka buɗe Illela da wasu iyakoki uku. Na san korona ma ta sa hannu, sai dai tsadar ta riga ta zuwa. A Nuwambar 2019 kuma aka hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai injin ban-ruwa ya koma wajen 'yan bumburutu, mai babur ya ƙara kuɗi, kuɗin niƙa ma ya tashi.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne, rufe boda ba ya hana kaya wucewa, sai dai ya zaɓi wanda zai wuce da su. Mai kuɗi yana da yaran da za su bi daji da babura, yana da abin sallamar kowane shinge, duk kuma sai ya ɗora a kan buhu ke ki biya. Wadda ake tarewa ita ce tsohuwa mai tiya biyar ta aya da ƙullin kanwa, ko wadda ta haɗa garar 'yarta da aka kai aure tsallake. Ita ba ta da na cin hanci, ba ta kuma da ƙarfin ratse. Dajin ma yanzu ba na kowa ba ne, tunda 'yan bindiga suka addabi yankin. Hasali ma a shekarun nan da aka ce buhu ba ya tsallakewa, dubban mata da yara na Sabon Birni da Isa sun tsallaka da ƙafa suna gudun rai, 'yan'uwansu na wajen Gidan Rumji suka ba su masauki.

Ta baya-bayan nan siyasa ce zalla. Sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar lantarki. Motocin kaya suka yi jerin gwano a bakin boda, albasa na ruɓewa a cikinsu, har aka kai Maris na 2024 kafin a buɗe. A Oktoba na shekarar ita ma Nijar ta hana fitar da hatsinta, ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A Janairun 2025 kuma ta fice daga ECOWAS baki ɗaya, ƙungiyar da tun 1979 ta rubuta cewa ɗan Tsibiri na iya zuwa Sabon Birni ba tare da biza ba.