Kyamara a Ɗakin Ibada: Waiwaye Kan Rikicin Majami'ar Linkon

Kwanan baya wani ɗalibina a nan Birnin Gwari ya kawo mini wasan kwaikwayon da ya rubuta, yana son a ɗauki kashi ɗaya a harabar wani wurin ibada. Na tambaye shi wa zai nemi izini wurinsa, ya ce ai mai riƙe da makulli. Amsar nan ita ta tuna mini da abin da ya faru a Ingila a shekarar 2005.

A shekarar 2003 marubucin nan na Amurka, Dan Brown, ya fitar da littafinsa The Da Vinci Code, wanda Kiristoci da yawa suka ɗauka cin zarafin addininsu ne. Da aka tashi mayar da shi fim, sai aka nemi shiga majami'ar Westminista ta Landan, inda ake naɗa sarakunan Ingila. Hukumar majami'ar ta ƙi, ta ce labarin ya saɓa wa aƙida. Masu fim ba su yi ƙasa a gwiwa ba, suka garzaya majami'ar Linkon, wadda aka aza harsashinta tun 1072. Shugabanta, Alec Knight, ya amince, aka kuma ba majami'ar fam dubu 100. Tsohon gini kuwa kullum cikin neman gyara yake.

To, masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A watan Agusta na 2005, da Tom Hanks da sauran 'yan wasa suka iso, sai ga wata mata mai hidimar coci, Sista Mary Michael, ta shafe awa 12 a bakin majami'ar tana addu'ar nuna ƙin amincewa. Har babbar ƙararrawar majami'ar sai da aka tsayar don kada ta dami masu ɗauka. A 2008 kuma hukumar cocin Katolika ta birnin Rum ta hana a ɗauki fim ɗin Angels and Demons a majami'u biyu.

Mai karatu zai lura cewa tushen gardamar shi ne: wa ke da ikon ba da aron wuri mai alfarma? Shugaba yana da makulli, amma masu ibada suna ganin su ma da haƙƙinsu. Mu ma mun ga makamancin haka a Kano a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa bayan malamai sun yi ca a kai.

Saboda haka, 'yan'uwana marubuta, duk wanda ke fatan labarinsa ya zama fim, ya tuna takardar izini ɗaya ba ta wadatarwa. A zauna da masu wurin tukuna, domin da ɗan gari akan ci gari. Allah Ya sa mu dace, amin.