Tarihin atisaye da matashin hannu a damben boksin

A yau da wuya a shiga gidan horar da 'yan damben boksin ba a tarar da koci sanye da wasu 'yan matasan kai guda biyu a hannuwansa ba, ɗan dambe na kai musu naushi.

Shi dai matashin hannu fata ce da ake cusa wa soso, faɗinta bai wuce na faranti ba, a bayanta kuma akwai safar da koci ke zura hannu.

Ko da yake an daɗe ana dambe a duniya, wannan salon atisaye bai zama ruwan dare ba sai a wajajen shekarun 1970 da 1980.

Kafin zuwansa

Tun a shekara ta 688 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka shigar da dambe cikin wasannin Olamfik na tsohuwar Girka. 'Yan damben lokacin kan naɗe hannu da tsirkiyar fata, su yi atisaye da buhun fata da aka rataye.

A Ingila, Jack Broughton, wanda ya tsara dokokin dambe a 1743, shi ne ya fito da safar hannu mai taushi domin kada ɗalibansa, waɗanda da dama 'ya'yan masu hannu da shuni ne, su ji wa juna ciwo wajen koyo.

Dokokin Queensberry da aka wallafa a 1867 suka wajabta sa safa a fagen karawa.

Har tsakiyar ƙarni na 20, horon ɗan dambe bai wuce gudu da tsallen igiya da dukan buhu da naushin iska ba, sai kuma gwajin ƙwanji da abokin atisaye.

To sai dai kowanne da naƙasunsa. Buhu ba ya kaucewa, ba ya ramawa. Gwajin ƙwanji kuwa yana koyarwa sosai, amma ɗan dambe na shan duka a ka tun kafin ranar karawa. Wannan giɓi ne matashin hannu ya zo ya cike.

Yadda ya bazu

Wani mataki a kan wannan hanya shi ne dabarar Cus D'Amato, mai horarwa a New York. Ya ɗaure katifu a jikin katako, ya rubuta lambobi a kansu, kowace lamba da irin naushinta, sannan a kunna kaset mai kiran lambobin.

Da wannan ya shirya Jose Torres, wanda ya doke Willie Pastrano a 1965 ya karɓi kambun duniya, kambun da Dick Tiger na Najeriya ya ƙwace daga hannunsa a 1966.

Da tsarin lambobin aka horar da Mike Tyson, inda Kevin Rooney ke riƙe masa matashi yana kiran lamba. A 1986 Tyson ya zama zakaran duniya ajin masu nauyi yana da shekara 20.

Akwai kuma tasirin nahiyar Asiya. A damben gargajiyar Thailand, wato Muay Thai, koci kan ɗaura dogon matashi mai kauri a sangalin hannu domin tare shuri da dukan gwiwa.

Shi ma Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, ya yi amfani da matashin hannu wajen koyar da ɗalibansa a Amurka, abin da ya ƙara fito da shi fili.

Yadda ake yi

Akan yi atisayen ne turmi-turmi, galibi minti uku-uku kamar a fagen karawa.

Koci zai ɗaga matashi ko ya kira naushin da yake so, ya matsa gaba ko ya ja da baya, wani lokacin ya kai wa ɗan damben duka domin ya koyi gocewa da mayar da martani.

Ta haka ake koyon saiti da auna tazara da ajiye ƙafa. Koci kan kuma kwaikwayi salon wanda za a kara da shi.

Muhawara

Mutum biyu sun yi fice a wannan fanni. Roger Mayweather, wanda ya rasu a 2020, ya shahara da wani salo mai tsananin sauri tare da ɗan ɗan'uwansa Floyd, wanda ya yi ritaya a 2017 bayan nasara 50 ba tare da an doke shi ba.

Freddie Roach kuma ya soma riƙe wa Manny Pacquiao na Philippines matashi a 2001 a Los Angeles. Pacquiao ya ci kambu a azuzuwan nauyi takwas.

Amma ba kowa ne ya gamsu ba. Masu suka na cewa an mayar da abin tamkar rawa domin masu ɗaukar hoto, inda koci ke kai matashi ya tari naushi a rabin hanya, ɗan dambe ya saba da gajeren naushin da ba zai cimma abokin karawa ba.

Sukan kafa hujja da cewa Joe Louis da Sugar Ray Robinson sun yi zamaninsu tun kafin a rungumi wannan salo.

Masu goyon baya kuwa na ganin ya rage dogaro da gwajin ƙwanji, a daidai lokacin da likitoci ke gargaɗi kan illar yawan duka a ka ga ƙwaƙwalwa.

Su ma masu horarwar ba su tsira ba, domin da dama na fama da ciwon kafaɗa da wuyan hannu bayan shekaru suna tare naushi. Shi ya sa wasu suka koma amfani da sandunan soso, ko kuma su ɗauki mataimaki na musamman wanda riƙe matashi ne kaɗai aikinsa.