Gona a Kan Teburi

Sojojin dalma ne suka haifi shanun dalma. Tun 1893 kamfanin Britains na birnin Landan yake ƙera ƙananan sojoji na wasan yara, amma da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare, iyaye da yawa a Ingila sun gaji da ganin bindiga, ko da ta wasa ce. A 1921 sai kamfanin ya fito da gona: manomi da matarsa, shanu, tumaki, dawakin huɗa, har da shinge. Ya bar su a kan ma'aunin sojojin, wato kashi 1 cikin 32 na girman abu na gaske, kuma har yau wannan ma'auni ne ya fi karɓuwa a Turai.

A Amurka kuwa, wani maƙerin zubi mai suna Fred Ertl ne ya fara narka alminiyam a gidansa da ke Dubuque, jihar Iowa, a 1945, yana zuba ƙananan taraktoci. Kamfaninsa ya koma garin Dyersville a 1959, inda ake baje kolin irin waɗannan kaya duk shekara tun 1978. A Amurka aka fi son ma'aunin 1 cikin 64, domin faifan katako guda ya isa ya ɗauki gona, garke da rumbu gaba ɗaya. Yaran da suka yi wasa da taraktocin nan su ne suka girma suka mayar da abin gwaninta, kamar a ce mai ƙera motar kara ya tsufa bai daina ba, sai ma ƙara iyawa da ya yi.

Ni dai idan aka nuna mini irin wannan gona, ba tarakta nake fara dubawa ba. Damin bambaro nake nema, don shi ne yake faɗa mini shekarar da mai aikin yake nufi. Bambaron alkama da sha'ir ba wani abincin kirki ba ne. Amfaninsa shimfiɗa ce a ƙarƙashin shanu idan hunturu ya tsare su a ɗaki wata da watanni, daga baya ya haɗu da kashi ya zama taki. Saboda haka mai dabbobi ba ya wasa da tara shi.

Ƙaramin dami mai kusurwa huɗu ya yaɗu ne bayan 1940, lokacin da kamfanin New Holland ya fara sayar da injin da Ed Nolt ya ƙirƙira a Pennsylvania, wanda yake tsince bambaro, ya matse, ya ɗaure da kansa. Mutum ɗaya zai iya ɗaga irin wannan dami, to amma ɗaruruwa ne, kuma kowanne sai an ɗora, an sauke, an jera. Shi ya sa teburin wancan zamani yake cike da 'yan mutum-mutumi: wani kan keken kaya, wani a ƙasa yana miƙawa, mace tana tafe da kwandon abinci. A 1971 Gary Vermeer ya fito da babban dami nannaɗaɗɗe, a 1978 kuma kamfanin Hesston ya kawo ƙaton mai kusurwa huɗu. Ba mai ɗaga waɗannan sai inji. Duba teburin da ya kwaikwayi gonar yau: kayan aiki sun yi girma, sun yi kyau, mutum ɗaya ne tak, shi ma yana cikin gilashin tarakta.

Tarakta saye ake yi, duk mai kuɗi zai samu. A wajen dami ake gane gwani. Na roba da kamfani yake sayarwa sheƙi gare shi, kuma duk kamarsu ɗaya, abin da ba a taɓa gani a gona ba. Masu haƙuri sukan yanka katako ko soso, su shafa gam, su barbaɗa igiyar da aka daddatsa ƙanana, sannan su zagaya zare sau biyu a madadin igiyar ɗauri. Wasu ma da gangan suke barin dami ɗaya a tsinke a bayan injin, da wani tsaye a kansa riƙe da cokalin ciyawa.