Me ya sa ake ce wa Sarkin Maraɗi Sarkin Katsina?

Duk yaron da ya yi nisa a lakwal zai gaya maka cewa Yamai ce babban birnin Nijar. In mushensa mai ƙoƙari ne, zai ƙara da cewa dā Damagaram ce, sai a 1926 Faransawa suka ɗauke hedkwata suka kai ta bakin kogin Isa. Wasu har labarin Abuja sun sani, da yadda gwamnatin Najeriya ta taso daga Legas a Disamban 1991. Amma ka tsai da yaron nan a ƙofar fadar Maraɗi, ka tambaye shi abin da ya sa maroƙa ke ce wa mai fadar Sarkin Katsina, alhali birnin Katsina na can ƙetaren iyaka, sai ya sunkuyar da kai. Ga shi kuwa amsar ita ce labarin ƙaurar babban birni mafi kusa da mu. Har guda biyu ne: na Katsinawa a Maraɗi, da na Gobirawa a Tibiri.

Gobirawa tun asali sun saba da tashi. Labarin kaka da kakanni ya ce daga Azbin suka gangaro, suka yi zama a Birnin Lalle, sannan a ƙarni na 18 suka matsa yamma cikin ƙasar Zamfara. Sarki Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya kafa Alƙalawa a bakin gulbin Rima, inda ga fadama ga hanyar fatake. A can Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa. Alƙalawa ba ta yi ƙarko ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a wannan shekara, a Oktoban 1808 kuma birnin ya faɗi, aka kashe Sarki Yunfa.

Katsina ta riga ta faɗuwa, wajen 1807, mulki ya koma hannun Malam Ummarun Dallaje. Ƴaƴan gidan tsohuwar sarauta suka ja daga a Dankama, aka ci su, Ɗan Kasawa ya tattara sauran jama'a ya nufi ƙasar Damagaram, ya shekara da shekaru yana zaman baƙunci.

Nan ne wurin da ya kamata malami ya tsaya ya ja hankalin yara, domin ba Ɗan Kasawa ne ya zagaya ya zaɓi Maraɗi ba. Kiransa aka yi. Kwarin gulbin Maraɗi yankin arewacin Katsina ne tun dā, kurmi ne mai duhu, mazaunansa manoma da mahalba masu bin al'adun gargajiya. Sabbin masu mulkin Katsina sun aje musu wakili mai suna Mani. Wajen 1819 mutanen kwarin suka tayar, suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Kowane ɓangare da abin da ya kawo. Sarki ya zo da suna da fadawa da barade, masu ƙasa suka ba da wurin zama da hatsi da ƴan baka. Kurmin kansa ya zama ganuwa, don doki ba ya sukuwa cikin sarƙaƙiya, kuma ƙarfin rundunonin wancan zamani a bisa doki yake. Wanda ya bi hanyar Jiratawa yau, ya ga lambunan zogale da gonakin rani, da wuya ya yarda cewa duhun dajin kwarin nan ne ya sa sarauta ta samu wurin fakewa.

Da Ɗan Kasawa ya zauna, bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina ya ci gaba da amsawa, ya tsai da fada irin ta birnin da aka baro: Kaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi, waɗanda su ke zaɓen sarki, ga kuma Iya a ɓangaren mata. Siyasar ke nan a fili. Karɓar sunan sabon gari tamkar yarda ce cewa Katsina ta tafi har abada. Riƙe tsohon suna kuwa shela ce cewa zaman nan na ɗan lokaci ne, za a koma. Haka aka wayi gari da sarakunan Katsina biyu, kowa na cewa shi ne na gaskiya.

Ba su kaɗai suka yi haka ba. Sarakunan Zazzau da jihadi ya kora sun yi kudu, Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sunan garin nan aka ɗauka, shi kuma aka mai da shi Suleja. Ashe ita kanta Abujar da yara ke hardacewa, sunanta daga irin labarin Maraɗi ya fito.

Gobirawa sun fi shan wuya. Kusan shekara talatin suna yawo daga wannan sansani zuwa wancan. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi suka haɗa kai da Abzinawa, suka kara da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Aka yi musu mummunan kaye, sarakunan biyu duk suka kwanta dama a fagen daga. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kawo ragowar Gobirawa kusa da Maraɗi, da taimakon Sarki Ɗan Mari, ya kafa Tibiri, wato Tsibirin Gobir. Dauloli biyu da dā kowace ke da faɗin ƙasarta, waɗanda ma sun sha yaƙar juna, sai ga fadojinsu tafiyar da ba ta kai ta yini ɗaya a ƙafa ba. Tsoro ɗaya ne ya haɗa su. Su ma Gobirawa sun zo da Taran Gobir da Inna, ba su bar komai na tsarin Alƙalawa a baya ba.

Sai dai ba kowa ya yarda da zaman gaba ba. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tibiri, ya sasanta da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Shi ya sa har yau Gobir ke da kujera a jahar Maraɗi, da wata a jahar Sakkwato.

A ganina, inda muke kuskure wajen ba yara wannan labari shi ne mu tsaya ga kirari. A kudancin iyaka an fi ba da shi a matsayin nasarar jihadi kan azzaluman sarakuna, a nan kuma a matsayin jaruntar waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Ɗan Baskore, wanda ya daɗe bisa gadon Maraɗi a tsakiyar ƙarni na 19, ya yi suna da kai hare-hare ƙasar Katsina, gaskiya ne. Amma hari a wancan zamani yana nufin ƙone ƙauye, da kwashe rumbu, da kama bayi, kuma kowane ɓangare ya yi wa ɗan'uwansa. Talakan da ke tsakani shi ya biya kuɗin mafarkin komawa birni. Yaron da kakarsa ta wajen uwa Bakatsiniyar Jibiya ce, ta wajen uba kuma Bagobirar Tibiri, ya cancanci a gaya masa duka biyun.

Komawar dai ba ta yiwu ba. A ƙarshen ƙarnin rikici ya ɓarke cikin gida, Kaura Hasau ya fi ƙarfin fada, Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa. Kafin a farfaɗo, Ingila da Faransa sun ja layi tsakanin Maraɗi da Katsina, suka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Layin nan kuma yana da hannu a ƙaurar 1926. An faɗi ƙarancin ruwan sha a Damagaram, kuma ba ƙarya ba ne. Amma Faransawa ba su sake jiki da gidan sarautar can ba tun 1906, lokacin da suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa bisa zargin ƙulla musu makirci, kuma suna kallon yadda kasuwancin ƙasar Hausa duk ya karkata zuwa Kano, inda jirgin ƙasan Ingilishi ke tsayawa. Gwamna Brévié ya gwammace ya zauna nesa da wannan jan, a Yamai, wadda a lokacin ƙaramin gari ce.

Maraɗi ta sake tashi sau ɗaya, wannan karon ba don yaƙi ba. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka hau tudu aka yanka sabbin filaye da tituna miƙaƙƙu. Ruwan bai bar Tibiri ba, ita ma sai da aka sake gina ta. Mutane suka hau da sunayen unguwanninsu: Maradawa, Bagalam, Limanci, Mokoyo, Ɗan Gulbi. Cikinsu har da Ƴandaka, sunan sarautar da aka taho da ita daga birnin Katsina.