Yadda Finafinan Dodanni da Kumbo Suka Samu Shiga Jami'a

A watan Afrilu na shekarar 1927, jaridar New York Times ta buga sharhin da marubucin Ingila H. G. Wells ya yi wa wani fim na Jamus mai suna Metropolis. Fritz Lang ne ya shirya fim ɗin, an narka masa dukiya, an ƙera birnin nan gaba mai dogayen benaye, attajirai a can sama suna shan iska, ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa suna yi wa injina bauta. Wells bai yi masa da daɗi ba ko kaɗan. A ganinsa wauta ce tsagwaronta, domin duk wanda ya san yadda masana'anta take aiki ya san ana ƙera inji ne don a rage hannun mutum, ba don a tara dubban mutane suna juya ƙarafa har su faɗi ba. Wells ya auna fim ɗin da hankali ya same shi fanko. 'Yan kallo kuwa sun auna shi da ido, kuma har yau ba a daina kallonsa ba. Wannan saɓani tsakanin mutanen littafi da mutanen hoto shi ne ya bi tarihin tarken ƙagaggen labarin kimiyya tun daga wancan lokaci.

Kafin ma a kai ga fim, shi kansa rubutaccen labarin bai da wata daraja a idon malamai. Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a Amurka a 1926, a kan takarda mai araha, da bango mai hoton kumbo da halittu masu idanun ƙwaro. A lokacin ana ɗaukar irin wannan karatu na yara ne da marasa aikin yi. Sai a 1958 ƙungiyar malaman harsuna da adabi ta Amurka ta ware masa zama na musamman a taronta, a 1959 Thomas Clareson ya kafa mujallar nazari mai suna Extrapolation, a 1960 kuma Kingsley Amis ya fitar da New Maps of Hell daga laccocin da ya gabatar a jami'ar Princeton. Duk waɗannan littafi suka sa gaba. Fim yana can baya, ba a ma yi masa tayin tabarma ba.

Cikin waɗanda suka fara zama suka kalli finafinan dodanni da kumbo da idon basira akwai wata mace, Susan Sontag, tana da shekara 32. A 1965 ta buga maƙalarta The Imagination of Disaster. Ta tattaro finafinan Amurka da na Japan na shekarun 1950, waɗanda ko dai wani dodo ya taso daga teku, ko baƙi su sauko daga sama, ko gwajin nukiliya ya kumbura wata halitta ta zama annoba. Ta nuna cewa kusan dukkansu zubi ɗaya ne: wani masani ya ga abin, ba a yarda da shi ba, abin ya fara ɓarna, manyan soja da na gwamnati su yi taro, harsashi ya ƙi ci, daga ƙarshe a samo wani makami a halaka shi. Hukuncinta shi ne, ba kimiyya ce ta dami waɗannan finafinai ba, bala'i ne, da kuma daɗin da ido ke ji idan ya ga birni yana rushewa alhali mai kallo yana zaune lafiya a kujerarsa.

Sontag ta hango abin da ke ƙarƙashin wannan. Mutanen da suka ga Hiroshima da Nagasaki a 1945 sun san cewa ana iya shafe birni cikin ƙiftawar ido. Fim ɗin Gojira na Ishiro Honda ya fito ne a 1954, 'yan watanni bayan tokar gwajin bam da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ta zubo wa wani jirgin masuntan Japan. To amma Sontag ba ta yafe wa finafinan ba. Ta ce suna lallashin tsoro ne kawai, suna sa mutum ya saba da abin da bai kamata a saba da shi ba, kuma ba sa tambayar wane irin tsarin al'umma ne ya haifi bam ɗin. Ina ganin a nan ta yi tsanani, musamman ga Gojira na asali, wanda ya nuna asibiti cike da yaran da tururin nukiliya ya taɓa. Amma ita ce ta tabbatar wa masana cewa fim maras tsada ma yana ɗauke da sirrin zamaninsa.

A ɓangaren littafi kuwa, sai ga Darko Suvin. An haife shi a Zagreb a 1930, cikin iyalin Yahudawa, ya yi ƙuruciyarsa a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya sha ba da labarin wani bam da ya fashe kusa da shi yana yaro, abin da ya sa ya fara tunanin cewa da al'amari ya ɗan karkace, da duniyar ta ci gaba babu shi. Ya bar Yugoslabiya ya koma koyarwa a jami'ar McGill ta Kanada. A 1972 ya buga maƙalar da ta canja fagen, a 1973 shi da R. D. Mullen suka tsayar da mujallar Science Fiction Studies, a 1979 ya fitar da Metamorphoses of Science Fiction.

Ma'aunin Suvin ƙafa biyu gare shi. Ta farko ya aro ta daga Viktor Shklovsky na Rasha da Bertolt Brecht na Jamus: adabi ya ɗauki abin da ka saba gani ya mai da shi baƙo, har ka sake dubansa kamar yau ka fara ganinsa. Ta biyu ita ce hankali, wato baƙuncin nan ya zama ana iya bin diddiginsa da dalili, ba a ce kawai wani ya karanta ɗalasimi ba. A tsakiyar kowane irin wannan labari akwai sabon abu guda, wanda ya kira novum, kalmar da ya samo wajen Ernst Bloch. Na'urar tafiya cikin zamani ce, ko duniyar da babu namiji babu mace, ko al'ummar da ba ta san kuɗi ba. Daga wannan abu ɗaya sauran komai ke sauyawa, mai karatu kuma ya waiwayo ya ga cewa tsarin da yake rayuwa a ciki ma ba dole ne ya dawwama ba.

Wannan ma'auni ya buɗe ƙofar jami'a, amma tsukakkiyar ƙofa ce. Suvin da kansa ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake bugawa da wannan suna ba zai yi ƙarko ba. Ya kori tatsuniya da labarin sihiri gaba ɗaya. Idan aka ɗora Star Wars na 1977 a kan sikelinsa, da takubban haske da gimbiya da wani ɓoyayyen ƙarfi, sai ya fito a matsayin tatsuniyar da ta sa rigar ƙarfe. Ke nan fim ɗin da miliyoyin mutane suka ɗauka shi ne ainihin wannan rukuni, babban masanin rukunin ba shi da gurbinsa. Daga baya Carl Freedman ya sassauta, ya ce ya isa labari ya ba da kamannin dalili, China Miéville kuma a 2009 ya ƙalubalanci katangar da aka gina tsakanin kimiyya da sihiri tun daga tushenta.

Wadda ta ba fim haƙƙinsa ita ce Vivian Sobchack, a littafinta na 1980 wanda ta faɗaɗa a 1987 da sunan Screening Space. Ta ce a daina tuhumar fim don bai zama littafi ba. Tunanin fim yana cikin hoto da sauti. Ta lura cewa finafinan kaboyi suna da tabbatattun alamomi, doki da bindiga da hula, amma kumbo ba shi da ma'ana ɗaya: a wani fim alamar buri ne, a wani kurkuku ne, a wani kuma motar haya ce kawai. Abin da ya haɗa finafinan shi ne ja-in-jar da ke tsakanin sananne da baƙo a cikin hoto guda. Da wannan ido ake gane dalilin da ya sa Stanley Kubrick ya bar fiye da minti ashirin na farkon 2001: A Space Odyssey babu mai cewa uffan. Blade Runner na 1982, wanda bai yi kasuwa ba da farko, ya zama ɗaya daga finafinan da aka fi rubutu a kansu.

Talabijin ya zo da wata tambayar, ta 'yan kallo. Star Trek ya yi zango uku kacal daga 1966 zuwa 1969, na ukun ma sai da masoyansa suka yi wa tashar NBC ruwan wasiƙu. Henry Jenkins a 1992 ya nuna yadda waɗannan masoya, mafi yawansu mata, suke ɗaukar taurarin shirin su rubuta nasu labaran. Daga nan masana irin su Rick Altman suka karkata ga cewa rukunin fim ba abu ne da malami zai yanka wa iyaka daga ofishinsa ba. Masu shiryawa da masu talla da 'yan kallo ne suke ta jan sunan har ya zauna.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne littafin John Rieder na 2008, wanda ya danganta tasowar wannan adabi da mulkin mallaka. Labarin baƙi masu makamin da ba a taɓa gani ba, waɗanda suka sauka a ƙasar mutane suka ɗauke su kamar dabbobi, ba daga sama Turawa suka samo shi ba. Wells da kansa, a farkon The War of the Worlds na 1898, ya tunatar da mutanen Ingila abin da Turawa suka yi wa 'yan asalin tsibirin Tasmaniya. Shekara biyar bayan fitar littafin, a Fabrairun 1903, igwar Ingila ta fasa ƙofar ganuwar Kano, a watan Maris kuma bindiga mai ruwa ta watsa rundunar Sakkwato. Abin da mai karatu a Landan yake ji a matsayin ƙage mai sa tsikar jiki ta tashi, kakanninmu sun gan shi ido da ido. Mai kallo Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan muhawara.

Kuma muna da abin ɗorawa a kan sikeli. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo ya ɗauka zuwa sararin samaniya. Littafi ne da ilimin taurari da tarbiyyar Musulunci suke tafiya tare a cikinsa, abin da ma'aunin Suvin bai yi wa tanadi ba. Ina kira ga malaman sassan Hausa da na nazarin fim a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai da su sa ɗalibansu su karanta Dembo tare da Suvin da Sobchack da Rieder, su rubuta sakamakon da Hausa.