Laburare a Arewa: wa ya gina, wa ya bari ya mutu?

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Kwanakin baya na raka ƙanwata laburaren garinmu, tana shirin rubuta JAMB. A gida ba wuta, ga hayaniyar yara, ga aike ba ya ƙarewa. Muka shiga muka tarar da dattijo ɗaya a bakin ƙofa, da fankar da ba ta juyawa, da bokiti a tsakiyar ɗaki yana tarar ruwan da ke yoyo daga rufi. Na ɗauko littafin kimiyya, na duba shekarar bugu, sai na ga ya girme ni. Na tambayi dattijon yaushe rabon da a kawo sabon littafi. Ya yi dariya kawai ya ce, "Ɗana, ai tun kafin a kawo ni nan."

A hanyar komawa na ba wani abokina labari, ya ce, "Kai ma dai! Ai mutanenmu ba sa karatu." Wannan maganar ce ta sa na koma tarihi, domin ina so mu gani ko gaskiya ce.

Mu fara daga nesa. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, Wangarawa suka zo daga Mali da addini da karatu. A zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15, Fulani suka zo da littattafan tauhidi da lugga. Sannan a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka Kano, har ya rubuta wa sarkin littafi a kan yadda ake riƙon jama'a. Ku lura da wannan: baƙon da ya zo da littafi, sarki ne ke saukar da shi, ya ba shi masauki da abinci.

Littafi a wancan lokaci dukiya ce. Takardar ma sai an ɗauko ta a kan raƙumi an keto Sahara da ita, kuma da yawanta ƙirar Italiya ce, mai tambarin jinjirin wata uku. Kowane littafi da hannu ake kwafarsa, shafi bayan shafi. Duk da wannan wahala, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da 'ya'yansa Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka bar mana littattafai da waƙoƙi ɗaruruwa. Lokacin da Baturen nan Kilafatan ya koma Sakkwato karo na biyu, inda ya mutu a 1827, cikin kyautar da ya kai wa Sarkin Musulmi Bello har da littafin lissafi na Yuklid da Larabci. Bello ya nuna masa ai ya san littafin, gidansu ma an taɓa mallakarsa, gobara ce ta cinye. To, jikokin waɗannan mutane ake cewa ba sa karatu?

Amma akwai rauni a wancan tsari, kuma dole mu faɗa. Littattafan na gidan malam ne. Suna cikin gafaka, a zaure ko a ɗaki, sai almajirinsa ko amininsa zai ara. Ranar da malam ya rasu, sai a raba su gado kamar gona. Wani magajin ya adana, wani ya bar wa gara. Waɗanda suka tsira, irin na Wazirin Sakkwato Junaidu, sun tsira ne saboda an samu mai kula. Ɗan talakan da ba shi da hanya a gidan malamai kuwa, sai dai ya ji labari.

Laburaren da kowa zai shiga ba tare da an tambaye shi ɗan wane ne ba, da Turawan mulki ya zo, kuma ba don Allah suka kawo ba. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sun so labarin yaƙi ya isa kunnen jama'a yadda su suke so, sai aka yi ta buɗe ɗakunan karatu a garuruwa ƙarƙashin En'e. A ciki za ka samu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da 'yan littattafan Hausa na Zariya. Kuɗin gudanarwa daga baitulmalin En'e yake fitowa. Inda sarki ke son abin, ɗaki ya rayu. Inda bai damu ba, ɗaki ya koma wurin barcin rana.

A 1952 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa laburarenta a Kaduna, aikinsa ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatun En'e da makarantu. A shekarun nan ne kuma aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA tana buga ƙananan littattafai masu araha, manya suna koyon a, ba, ca, da da yamma bayan an tashi daga gona. Gwamnati ta zuba kuɗi, mutane suka fito suka karanta. Haka kawai.

Ga inda muka yi sake. A 1953 UNESCO ta yi taro a Ibadan a kan laburaren jama'a a Afirka, kuma babbar shawarar da ta fito ita ce a yi wa laburare doka, da hukuma, da kuɗi tsayayye. Jihar Gabas ta ɗauki shawarar, ta yi dokar hukumar laburare a 1955, ta buɗe babban laburarenta a Inugu a 1959. Mu a Arewa aka bar shi a matsayin sashe a cikin ma'aikata. A 1963 wani masani daga Ostiraliya mai suna Sharr ya rubuta rahoto a kan buƙatun laburare a Arewa, amma kafin a yi nisa da aiki da shi, sojoji sun karɓi mulki a 1966. A 1967 aka raba Arewa gida shida, daga baya aka raba littattafai da ma'aikatan Kaduna a tsakanin sababbin jihohin. Kun ga rabon gadon gidan malam ya dawo, wannan karon da hannun gwamnati. Yau jihohin sun zama 19.

Tun daga lokacin, laburaren jama'a ya zama ɗan jiha. Ku riƙe wannan da kyau, domin in an tashi ƙorafi kowa Abuja yake nunawa. Tarayya tana da Laburaren Ƙasa, wanda aka yi wa doka a 1964, babban aikinsa tara abin da aka buga a ƙasar nan. Amma ɗakin da ƙanwata za ta zauna ta yi karatu, da na makarantar sakandaren unguwarku, da na jami'ar jiha da kwalejin ilimi ta jiha, mai su yana gidan gwamnatin jiharku.

Adalci shi ne mu ce wasu jihohi sun taɓuka a shekarun 1970 da kuɗin fetur ya shigo. An yi gine-gine, an kafa hukumomin laburare, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tun 1968 take horar da ma'aikatan wannan fanni. Sai 1986 ta zo da SAP, darajar naira ta faɗi, littafin waje ya gagari saye. Da aka zo tsuke bakin aljihu, kuɗin littafi aka fara yankewa, saboda littafi ba ya yajin aiki. Albashi ya ci gaba da fita, kantoci suka tsaya a inda suke. Shi ya sa in ka shiga laburarenmu da yawa za ka ga kamar agogo ne ya tsaya a waɗannan shekaru.

Jami'o'i sun ɗan samu sa'ida, kuma da gumi suka same ta. Yajin aikin ASUU na 1992 ne ya haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Asusun ne ya koma TETFund a 2011, kuma tun daga nan manyan makarantu kaɗai yake kallo. Jihohi da yawa sai suka miƙe ƙafa, suka bar laburaren jami'o'insu a wuyan TETFund. Makarantun firamare da ƙaramar sakandare suna da kuɗin UBEC a dokar 2004, amma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓa, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an ji kuɗin na kwance a Abuja saboda jihohi sun ƙi ajiye nasu. Laburaren jama'a kuwa ba ASUU, ba asusu, maraya ne.

Mu koma kan maganar abokina. A daidai shekarun da kantocin gwamnati suka bushe, a lokacin ne marubutan Hausa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Shagunan hayar littafi suka cika unguwanni, matan aure da 'yanmata suna biyan kuɗi su karanta su dawo da shi gobe. Wannan ai laburare ne talaka ya gina wa kansa. Yau ma duba wayar ƙanwarka, za ka ga labari mai shafi ɗari uku a WhatsApp ta cinye shi a kwana biyu. Mai ƙishirwa yana nan, rijiyar ce aka bari ta rufta.

Na san wani zai ce ai yanzu komai yana waya. Ni ma da waya nake wannan shiri. Amma waya ba ta ba ka kujera, da wutar da ba ta ɗaukewa, da shiru na awa uku. Mujallun bincike da ɗalibin likitanci ko injiniya ke buƙata, yawancinsu da dala ake biyan kuɗinsu, makaranta ce za ta iya saye. Kuma JAMB da kwamfuta ake rubuta ta yanzu, alhali akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da zai taɓa kwamfuta. Ɗan mai kuɗi yana da duk wannan a ɗakinsa. Ɗan talaka in jiha ba ta tanadar masa ba, ba mai tanadar masa.

To me muke nema? Abin da Ibadan ta faɗa tun 1953. Na ɗaya, doka daga majalisar jiha da za ta ware wa laburare kaso tsayayye a kasafin ilimi, yadda ba sai gwamna ya ga dama ba. Na biyu, kuɗin sayen littafi da intanet da sola su zama daban da na albashi, kuma a sake su, domin rubutawa a kasafi daban, fitarwa daban. Na uku, kowace sakandaren gwamnati ta samu ɗakin karatu da ma'aikacin da ya karanci aikin, kada a mayar da shi sito na karyayyun kujeru. Na huɗu, a sayi littattafan Hausa da na marubutanmu na gida, a kuma ɗauki hoton tsofaffin rubuce-rubucen gidajen malamai kafin gara ta ƙarasa su.

Namu aikin kuma ga shi. A makon nan ka je laburaren da ya fi kusa da kai, ka ɗauko littafi mafi sabunta, ka duba shekararsa. Ka nemo kasafin kuɗin jiharku, yawancinsu suna intanet, ka duba nawa aka rubuta wa hukumar laburare, nawa aka saki. In lokacin jin ra'ayin jama'a a kan kasafi ya zo, mu je da waɗannan lambobi a hannu, mu tambayi ɗan majalisarmu da sunansa, cikin ladabi.

Ƙanwata dai a ƙarshe a barandar maƙwabta ta yi karatunta, da fitilar waya. Tana da ƙanne uku a bayanta, kuma ba na so su ma su yi haka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.